Yadda Za Ka Kare Kasuwancinka Daga Takardun Kuɗin Talla Na Bogi

Akwai wata damfara da ake yi wa 'yan kasuwa wadda ba ta zuwa da alkawarin riba ko labarin cin gasa. Takarda ce kawai. A kawo maka ita har shago, ko a turo hotonta ta WhatsApp, da sunan kasuwancinka da adireshinsa daidai, ga tambari a sama ga hatimi a ƙasa, wai kuɗin tallar da aka yi maka ne a rediyo ko mujalla ko kalanda, kuma wa'adin biya ya kusa cika. Kai dai ba ka tuna ka ba da wannan talla ba. Amma ba za ka iya rantsuwa cewa ƙanenka ko manajanka bai bayar ba. Da wannan ɗan kokwanton mai takardar yake cin abinci.

Yadda muke kasuwanci a Katsina yana sauƙaƙa masa aiki. Magana da yawa a tsaye ake ƙulla ta, a ƙofar masallaci ko wurin ɗaurin aure: "Alhaji, za mu sa ka a mujallar bana." "To, Allah ya kai mu." Maigida na yawan tafiya Kano ko Legas sarin kaya, shago na hannun yara. Ga kuma kunya. Dattijo mai furfura ya shigo da babbar riga da jaka a hammata yana neman naira 35,000, yaro ɗan shekara ashirin ba zai iya duban tsabar idonsa ya ce bai yarda ba. Kuɗin ma da gangan ake yanka shi daidai abin da za a iya zarowa daga aljihun tebur ba tare da an kira kowa ba. Mai kantin magani a Ƙofar Ƙaura, mai siminti a hanyar Dutsin-Ma, mai makarantar kuɗi, mai otal, Hajiya mai atamfa da leshi a cikin gida, babu wanda abin ba zai iya faɗo wa ba. A fi sa ido gabanin Sallah, da lokacin Gani a Daura, da ƙarshen shekara da ake buga kalandu, domin lokacin ne tallar gaske take yawa, ta bogi ta samu wurin sajewa.

Mataki na 1: Mutum ɗaya ne zai riƙa amincewa da talla

Wannan aikin tun kafin wata takarda ta zo ake yin sa. Ka tara duk wanda hannunsa ke taɓa kuɗin shago, har da ɗanka da ƙanenka, ka shaida musu cewa talla, ko ta naira 5,000 ce, mutum ɗaya ne ke cewa a yi. Ko kai, ko wanda ka wakilta.

Sannan ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi, ka ware shi don talla kaɗai. Duk tallar da aka amince da ita a rubuta kwanan wata, da sunan gidan rediyon ko mujallar, da sunan wanda aka yi magana da shi da lambarsa, da abin da aka shirya (sau nawa za a sa, daga yaushe zuwa yaushe), da jimillar kuɗi, da kafin alƙalamin da aka bayar, da cikon da ya rage, da lambar asusun da aka ce a tura. Mai kwamfuta ya yi a kwamfuta, amma littafi ya fi, don yaro na iya buɗe shi nan take a gaban baƙo. Daga ranar, abin da babu shi a littafin nan ba bashi ba ne.

Kai ma maigida sai ka gyara bakinka. "Allah ya kai mu" da "ba komai" da "za mu duba" a wurinka sallama ce ta mutunci, a wurin mai neman talla kuwa ka amince ke nan, kuma haka zai je ya faɗa wa yaronka. Amsar da ba ta barin ƙofa a buɗe ita ce: "Kawo mini farashi a rubuce, in na yarda zan sa hannu."

Mataki na 2: Ba a biya ranar da takarda ta zo

Ka kafa wannan doka, kuma ka ɗora ta a kanka, domin yaro ya samu abin fakewa. Ga yadda abin yake kasancewa:

"Samari, ina Alhaji?"

"Ya yi tafiya, Baba."

"Ai na sani, shekaranjiya muka yi waya. Cikon kuɗin tallar nan ne, ya ce in biyo in karɓa. Yau muke rufe lissafi, ga mota can tana jirana."

Abin da yaro zai ce bai wuce wannan ba: "Baba, a yi haƙuri. Alhaji ya hana mu fitar da kuɗin talla sai ya ga takarda da idonsa. A bar mini ita da lambar waya, za a kira." Bai ƙaryata dattijo ba, bai kuma ba da ko sisi ba. In baƙon ya ciro waya ya ce ga Alhajin a layi, yaro kada ya karɓa. Ya kira maigidansa da tasa wayar, a lambar da ya sani.

Ma'aikacin gidan rediyo na gaske ba ya jin zafin a ce ya dawo jibi, ya saba. Wanda ya ƙi barin takardar, ko ya fara rage kuɗi nan take, 35,000 ta koma 20,000 ta koma "kawo ko na mai ne", ya riga ya ba ka amsa.

Mataki na 3: Karanta takardar a zaune

Ka fara da littafinka. Akwai wannan talla a ciki? Kuɗin ya yi daidai da cikon da ya rage? Ba a taɓa biyan wannan takardar ba a baya? Wani lokaci takardar gaske ce da aka riga aka biya, aka sake ɗaukar hotonta aka canza kwanan wata.

Sannan ka duba jikinta. Takardar neman kuɗi ta ƙwarai tana faɗin wace talla ce, ranakun da ta fita, sau nawa, da kuɗin kowace. Ta bogi ta fi son dunƙulalliyar magana, irin "kuɗin tallace-tallace na shekara". Duba ko akwai cikakken adireshin ofis da mutum zai iya takawa ya je, ko kuwa lambar waya ce kawai. In an lissafa harajin VAT, a Najeriya kashi 7.5 cikin 100 ne tun watan Fabrairun 2020, kafin nan kashi 5 ne. Takardar yau da ta zo da kashi 5 ko 10 akwai tambaya a kanta. Haka in ka ga an rubuta cewa hukumar APCON ce ke neman wani kuɗi: dokar 2022 ta maye gurbin wannan hukuma da ARCON, wadda ita ce ke kula da harkar talla a ƙasar nan yanzu.

Kyan takarda kuwa kada ya ruɗe ka. Tambari daga intanet ake kwafo shi, hatimi kuma ana sassaƙa shi a kasuwa da kuɗi kaɗan.

Mataki na 4: Tabbatar ta hanyar da kai ka zaɓa

Lambar da ke jikin takardar ba ta da amfani wajen bincike, don in ta bogi ce abokin mai takardar ne zai ɗauka ya ce "ƙwarai, ma'aikacinmu ne". Ka yi amfani da lambar da ke littafinka, ko wadda tashar ke faɗa a iska. Abin da ya fi duka, ka aika mutum. Katsina ba ta kai girman da zuwa gidan Rediyon Jiha ko Companion FM ko Vision FM zai gagara ba, kuɗin Keke Napep ne. A nemi sashen kasuwanci, a nuna takardar, a yi tambaya uku: daga nan ta fito, wannan mutumin naku ne, wannan asusun naku ne? Su ma gidajen suna so su san in wani na yin sojan gona da sunansu. Wanda ke Daura ko Mai'aduwa da zuwa zai yi masa nisa, ya sa wani amintacce a birni ya je masa.

Mataki na 5: Nemi shaidar cewa tallar ta fita

Nan ne aka fi cin mutane, har waɗanda suka kiyaye sauran matakan, don haka bari in ɗan tsaya. Biyan kuɗin tallar da ba ka gani ba, ba ka ji ba, cinikin biri a sama ne.

In ta rediyo ce, muryar da aka turo maka ta WhatsApp ba shaida ba ce. Duk mai waya da murya mai daɗi zai iya haɗa maka talla da kiɗa a ɗakinsa, ka ji sunan shagonka ka ji daɗi, alhali ba ta taɓa hawa iska ba. Tun ranar da aka ƙulla magana ka karɓi jadawalin ranaku da lokutan da za a sa ta, ka sa yara su kunna rediyo a shago su riƙa yin alama a littafi. Bayan an gama, ka nemi takardar shaidar watsawa daga ofishin tashar kafin ka ba da ciko.

In ta mujalla ce ko kalanda, lamarin ya fi sarƙaƙiya. Za a iya kawo maka kwafi na gaske, mai sheƙi, ga hotonka ga sunan shagonka a shafi guda. Abin da ba za a faɗa maka ba shi ne adadin da aka buga bai wuce na waɗanda suka ba da talla ba. Kowa an kai masa nasa, ya ajiye a kan tebur yana alfahari, babu wani mai saye da ya taɓa gani. Saboda haka tambayoyinka su ne: kwafi nawa aka buga, a wace maɗaba'a, ina aka raba su? In an ce an raba a otal-otal da ofisoshi, ka zaɓi biyu ka leƙa da kanka. Ka nemi fitowar bara, ka duba wani ɗan kasuwa da ka sani a ciki ka tambaye shi yadda suka ƙare.

Akwai kuma masu ɗaukar tallarka ta gaske da ta fita a wata jarida, su manna ta a shafin tasu, su kawo maka takarda. Kana gani ka gane tallarka ce, sai ka ɗauka cikin waɗanda ka bayar ne. Ko da sun buga ta da gaske, tallar da ba ka nema ba ba ta zama bashi a kanka.

Masu zuwa da sunan ƙungiya, wai mujallar tunawa da wani biki ko kalandar tallafa wa marayu, su ma a bi da su ta nan. In sadaka za ka yi, ka san shugabannin ƙungiyar ka ba su hannu da hannu, ka san sadaka ka yi. Ra'ayina dai, haɗa sadaka da talla a takarda ɗaya ya fi amfanar mai karɓa, don ya san ba za ka bi diddigin abin da ka bayar don Allah ba.

Mataki na 6: Dubi sunan asusu kafin ka danna

Idan ka sa lambobi goman nan na asusu a manhajar banki ko a na'urar POS, suna yana fitowa kafin kuɗi su tafi. Ka karanta shi a hankali, harafi bayan harafi. Takarda da sunan kamfani, asusu da sunan wani mutum, a dakata. Uzurin da aka saba bayarwa shi ne "asusun ofis ya samu matsala, tura ta na akantanmu". Kada ka tura.

Ban ce duk mai karɓa da asusun kansa ɓarawo ne ba. Mai shela da lasifika a mota, da matashin da ke tallata kaya a shafinsa na Facebook ko TikTok, yawancinsu ba su da asusun kamfani. In ka san mutum, da shi ka shirya, sunansa ne a littafi, ba laifi. Matsalar ita ce suna ya bambanta da na wanda aka yi ciniki da shi.

Kamfanin da ba ka sani ba, ka bincika shi a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, inda ake duba sunayen kamfanoni kyauta. Ka sa sunan, ka ga ko lambar rajista (RC ko BN) da ke jikin takardar ta dace da shi. Rajista ba shaidar gaskiya ba ce, ɗan damfara ma na iya yi, amma lambar da ta fito da sunan wani kamfani daban ta gama magana.

Mafi haɗari shi ne saƙon da ke cewa abokin hulɗarka na gaske ya canza asusu. Wannan dabarar ta ci waɗanda suka fi mu ma'aikata da na'urori. Tsakanin 2013 da 2015 wani ɗan ƙasar Lituweniya, Evaldas Rimasauskas, ya yi rajistar kamfani mai suna irin na Quanta Computer, wani kamfanin Taiwan da ke hulɗa da Google da Facebook, ya riƙa aika musu takardun neman kuɗi na jabu. Sun tura masa sama da dala miliyan 100 kafin asiri ya tonu, kuma a 2019 wata kotu a Amurka ta ɗaure shi shekara 5. Duk lokacin da aka ce an canza asusu, ko da saƙon daga lambar da ka sani ya fito, ka kira ka ji murya, ko ka je. Ana sace WhatsApp ɗin mutum a yi magana da sunansa.

Mataki na 7: Hatimi da sa hannu su zauna a kulle

Wata takardar ba kuɗi take nema ba. Fom ne, a ce ana sabunta kundin sunayen 'yan kasuwa, ka duba in sunanka da lambarka daidai ne ka sa hannu, kyauta ne. A can ƙasa, cikin ƙananan rubutu da Turanci, an rubuta cewa sa hannu amincewa ne da sayen talla. A Turai an daɗe ana wannan, inda ake ɗora wa ƙananan 'yan kasuwa biyan kusan yuro 1,000 a shekara har shekara 3, abin da ya kai Majalisar Tarayyar Turai ta fitar da matsaya a kansa a 2008. Irin waɗannan fom suna yawo ta imel, kuma mai otal ko makaranta ko kamfanin tafiye-tafiye da adireshinsa ke intanet zai iya samu. Yaro kada ya sa hannu ko ya buga hatimin shago a kan komai, ko da an ce "shaidar mun zo ce kawai".

Mataki na 8: Kuɗin allo da na intanet

Kuɗin allon talla akwai shi da gaske. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sa kula da tallan waje cikin ayyukan ƙananan hukumomi, shi ya sa ɗan damfara mai rigar aiki da katin wuya ke samun sauƙin karɓa. Hanyar kuɓuta ita ce kada ka jira a zo maka. Ka je sakatariyar ƙaramar hukumarka ko ofishin hukumar tara haraji ta jiha, ka tambayi nawa ne kuɗin allo irin naka, wa ke karɓa, ta wace hanya ake biya. Ka biya, ka ajiye rasit na asali a gida, kwafinsa a shago. Kuɗin gwamnati ba ya shiga asusun mutum.

Na intanet gajere ne. Tallar Facebook da Instagram a cikin asusun tallarka ake biyan ta, a nan kuma za ka ga abin da aka caje ka. Saƙon da ya ce ana bin ka bashin talla, za a rufe shafinka cikin awa 24 in ba ka latsa nan ba, shafin ake so a sace. Sa shago a taswirar Google kyauta ne. In ka ba wani matashi kuɗi ya yi maka talla, ya buɗe maka asusun a wayarsa ka ga abin da aka kashe, hoton fuskar waya ana iya gyara shi.

Mataki na 9: In aka koma barazana

Za a kira a ce za a kai ka kotu, ko za a ɓata sunan shagonka a rediyo, ko a turo wasiƙa da sunan lauya. Ka ba da amsa sau ɗaya, a rubuce: ba mu ba da wannan talla ba, a kawo takardar da muka sa wa hannu. Daga nan ka daina jayayya a waya, ka adana saƙonnin. Kada ka biya rabi don a rabu lafiya. Biyan rabi kamar ka amsa bashin ne, kuma ka nuna kai mai biya ne, za a dawo.

Sammacin kotu na gaske kuwa ba a yin watsi da shi. Ka je wurin rajistaran kotun da aka ambata ka tabbatar akwai ƙarar, in akwai ka nemi lauya.

Mataki na 10: In kuɗi sun riga sun fita

Sauri ne kawai ke taimako, domin kuɗin damfara ba sa kwana a asusun da suka sauka. Ka kira bankinka nan take, sannan ka je reshe da kanka ka shigar da ƙorafi a rubuce, ka nemi su tuntuɓi bankin da kuɗin suka shiga a dakatar da asusun. Ka tafi da rasit ɗin tura kuɗin, wanda ke ɗauke da lambar shaida mai lambobi 30, da ita bankuna ke bin sawun kuɗi. Ka karɓi lambar ƙorafinka. In mako biyu ya wuce banki bai yi komai ba, ka kai ƙara sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya. Wani lokaci ana dawo da kuɗin, sau da yawa kuma an makara.

Ka kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa, ko hukumar EFCC, wadda ke da manhajar Eagle Eye ta kai rahoto tun 2021. Dokar zamba ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga wanda ya karɓi dukiya ta hanyar yaudara, don haka kada wani ya ce maka ƙaramin abu ne. Takardar, da saƙonni, da lambar da aka kira da ita, da hoton kyamarar shago in akwai, duk a haɗa su wuri ɗaya.

Yaron da aka yaudara kada a ci masa mutunci a gaban jama'a ko a zabge masa albashi cikin fushi. In ka yi haka, na gaba da abin ya faru da shi ɓoyewa zai yi, sai bayan wata guda ka gano, lokacin da banki ba shi da abin yi.

Sannan ka sanar da shugaban layinku ko ƙungiyar 'yan kasuwarku a ranar. Masu wannan sana'a layi-layi suke bi, wanda ya karɓa a shagonka da safe yana iya kasancewa a Babbar Kasuwa da azahar, gobe kuma Daura. A tura hoton takardar da lambar asusun a zauren WhatsApp na ƙungiya, a faɗi abin da ya faru kawai ba tare da zagi ko ɗora wa wata tasha laifi ba, tunda ita ma sunanta aka ara. Kwafi ɗaya kuma a kai wa tashar ko ƙungiyar da aka yi amfani da sunanta, su ja kunnen masu sauraronsu.